Hangen Dala da Shiga Birni: Inda Manufar Ƙungiya Ta Rabu da Hangenta

Bayan sallar La'asar ne, a gindin darbejiyar da ke ƙofar gidan mai unguwa, muka zauna cike wata takarda. Ƙungiyar manoman shinkafa ce ta garinmu, can cikin ƙasar Auyo, takardar kuma ta fito ne daga wasu masu ba da tallafi da ke son sanin ko mu su wane ne kafin su saki ko sisi. A shafin farko akwai gurabe biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na sama yana tambayar hangen ƙungiya, na ƙasa yana tambayar manufarta. Sakatarenmu, yaro mai ƙoƙari da ya gama kwalejin ilimi, ya rubuta a na sama: "Kawo ci gaban al'umma." Ya ɗan yi shiru, sannan ya rubuta a na ƙasa: "Ciyar da al'umma gaba."

Da aka karanta, sai wani dattijo ya ce, "Ɗana, ai magana ɗaya ka faɗa sau biyu."

Sakatare ya ce, "Baba, ai su ma tambaya ɗaya suka yi sau biyu."

Ba tambaya ɗaya ba ce. Kuma a ganina rashin rarrabe su ya kwantar da ƙungiyoyi da yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa, waɗanda babu wanda ya ci kuɗinsu, babu wanda ya yi faɗa da wani, sai dai aka wayi gari an daina zuwa taro. Na ga haka a ƙungiyoyin manoma, na gani a kwamitocin makaranta da na asibiti, na gani a ƙungiyoyin samari masu neman raya gari.

Wani ɓangare na ruɗanin daga harshe yake. Ta bakin Turawa kalmomin biyu, wato "mission" da "vision", suka iso mana, mu kuma muka zuba su a kwano ɗaya muka kira shi "manufa", wani lokaci mu ce "buri". Ta farkon ma mutanenmu sun daɗe da saninta, amma da wata ma'ana: ita ce "mishan", wadda in dattijo ya ji sai ya tuna 'yan mishan da asibitocinsu. Asalin kalmar a Latin aikawa take nufi, su ma 'yan mishan sun sami sunan ne domin aiko su aka yi. Ta biyun kuwa asalinta gani ne. Larabawan yau, in suna rubuta irin wannan takarda, "risala" da "ru'uya" suke cewa, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san risala saƙo ce, ru'uya kuwa gani, ita ce kalmar da ake faɗa a kan ganin wata. Saboda haka in muna son mu dawo da zancen gida, aike ne da hange.

Ɗan aike ya san abu uku: wanda aka aike shi wurinsa, abin da zai kai ko zai karɓo, da hanyar da zai bi. Haka manufar ƙungiya take. Tana faɗin aikin da muke yi yau, wa muke yi wa, kuma ta yaya. In ka aiki yaro kasuwar Gujungu ya sayo maka buhun taki, ya dawo yana jan akuya domin ya same ta da araha, bai cika aike ba, ko da kuwa cinikin ya yi kyau. Wannan shi ne babban amfanin manufa, kuma shi aka fi mantawa: ita ce take ba ƙungiya bakin cewa "wannan ba namu ba ne."

Hange kuwa, Bahaushe ya riga ya gama magana a kansa da ya ce hangen Dala ba shiga birni ba. Mun saba faɗin karin maganar don rage wa mai zumuɗi hanzari, kuma daidai ne. Amma a juya ta a duba bayanta. Baƙauyen da ya koro jakinsa tun asuba, abin da ke gaya masa bai ɓata ba shi ne dutsen nan da yake hange. Dutsen ba ya matso da shi ko taku ɗaya, ƙafa ce mai wannan. Sai dai wanda ba ya hangen komai yana iya wuni yana tafiya, ya gaji tilis, ya kwana a wani gari daban. Hangen ƙungiya hoto ne na yadda muke son gari ya kasance in aikinmu ya yi albarka. Ba ya bayanin abin da za mu yi gobe da safe.

Akwai wata 'yar alama a cikin jimlar kanta. Manufa da "muna" take farawa: muna yashe, muna koyarwa, muna tara kuɗi. Hange kuwa da "ya zama" ko "a wayi gari" yake tafiya. Manyan kamfanonin duniya ma haka abin yake. Waɗanda suka kafa Microsoft sun yi ta maimaita cewa suna son a ga kwamfuta a kan kowane tebur da cikin kowane gida, a lokacin da kwamfuta ta manyan ma'aikatu ce. Wannan hoto ne, hange ne. Google kuwa cewa ya yi aikinsa tsara bayanan duniya yadda kowa zai iya kaiwa gare su ya amfana. Wannan aike ne. Gaskiya su kansu kamfanonin sukan cakuɗa sunayen, wani ya kira hangensa manufa, don haka kada mu tsaya kan laƙabi. A duba jimlar, aiki take faɗa ko hoto take zanawa.

Misalin da ya fi shiga raina ba na kamfani ba ne, na kurkunu ne, domin duk wanda ya haura shekara arba'in a karkararmu ya san shi ko ya san wanda ya yi. Mutum zai sha ruwan kududdufi mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari da ido bai cika gani ba, a cikinsu akwai 'ya'yan tsutsar. Sai bayan kamar shekara guda ƙafa ta yi ƙurji, tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta fara fitowa, a yi ta naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan har makonni. Sau da yawa kuma a tsakiyar aikin gona take kwantar da magidanci. In raɗaɗi ya ishe shi ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, sai tsutsar ta zubar da 'ya'yanta a ciki, cutar ta koma kan masu ɗiba. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar da ke kashe ta.

Lokacin da aka yi ƙidaya a 1988, an sami mutum sama da 650,000 masu kurkunu a Najeriya. Hangen masu yaƙi da ita, ciki har da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da ta shiga aikin tun 1986, jimla ɗaya ce da yaro zai haddace: a wayi gari babu kurkunu a bayan ƙasa. Amma ba wannan jimla aka kai ƙauye ba. Abin da aka kai shi ne ƙyallen tace ruwa, da maganin da ake zubawa a kududdufi, da rijiyar burtsatse inda aka samu hali, da mutum guda a kowane gari mai rubuta sunan duk wanda cutar ta fito wa, yana kuma hana shi shiga ruwan da ake sha. Janar Yakubu Gowon da kansa ya riƙa shiga ƙauyuka yana matsa wa hukumomi su samar da ruwa. A 2008 aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu a ƙasar nan, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da ita.

A lura da abu biyu a nan. Na farko, shi ɗan sa kai na ƙauye bai taɓa ruɗewa da aikinsa ba. Ba a ce masa "inganta lafiyar al'umma" ba, da an faɗa masa haka da bai san ko daga zazzaɓi zai fara ko daga haihuwa ba. Na biyu, hangen ne ya hana a tsaya a rabin hanya. Da aike kaɗai ake da shi, raba ƙyalle, to ranar da aka gama rabawa an gama aiki. Amma tunda abin da ake hange shi ne babu ko ɗaya, sai da aka bi sawun mutum na ƙarshe, aka kuma shekara da shekaru ana sa ido bayansa.

Wani bambancin da ba a cika faɗa ba shi ne na mallaka. Hange ana iya tarayya a kansa. A gari ɗaya kwamitin makaranta, da ungozomomi, da ƙungiyar manoma, da masu tattara zakka, duk suna iya hangen abu guda: garin da yaro zai tashi da lafiya da ilimi, bai tafi ci-rani yana ɗan shekara goma sha biyu ba. Babu laifi, haɗuwar ma ita ce ƙarfin garin. Amma manufa ta ƙungiya ɗaya ce. In kwamitin makaranta ya ɗauki manufar ƙungiyar manoma kalma da kalma bai ji ta yi masa yawa ko ta matse shi ba, to ba manufa ba ce. Da wannan ma'auni na auna abin da sakatarenmu ya rubuta, na ga babu ƙungiya a faɗin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa da 44 na Kano da ba za ta iya sa hannu a kansa ba.

Kuma mun riga mun biya kuɗin wannan sakaci tun kafin ranar. An kafa ƙungiyarmu ne saboda ruwa. Duk mai noman rani a wannan yanki ya san ciyawar kacala, yadda take cika magudana ta shaƙe ta, ruwa ya tsaya wa na bakin kanal, na can ƙarshe ya yi ta kallon shukarsa tana ƙonewa. Don a yashe magudana a kan lokaci, a kuma raba ruwa bisa jeri ba da ƙarfi ba, dattawanmu suka haɗu. Amma ba su rubuta ba, domin su duka sun sani. Da aka zo neman rajista aka ce sai da kundin tsarin ƙungiya, sai aka je shagon masu buga takardu a birni, aka ɗauko na wata ƙungiya aka canja suna. A ciki aka lissafa komai: noma, kiwo, ilimi, lafiya, wasanni, tallafa wa mata da marayu.

Wata shekara sai ga tayin koyar da ɗinki, da kekuna da ɗan kuɗin zama. Ba wanda ya iya cewa a'a, tunda kundinmu ya ce muna yi. Shugabanni suka shiga tantance sunaye, aka shiga ƙorafin an sa 'yar wane an bar 'yar wane, taro uku a jere ba a ambaci magudana ba. Kafin mu farga lokacin yashewa ya wuce, na ƙarshen layi suka yi asara, wasunsu suka daina biyan kuɗin wata, kuma ban ga laifinsu ba. Ɗinki abu ne mai kyau, matan da suka koya har yau suna cin moriyarsa. Sai dai taura biyu ba ta taunuwa, kuma akwai ƙungiyar mata a garin da ta fi mu cancantar wannan aiki, da mun san kanmu da can muka tura shi.

Wannan cutar rashin tsayayyar manufa ke nan. Ta rashin hange kuwa daban take, a hankali take kisa. Ƙungiyar da aka kafa don haƙa rijiya, in aka sami burtsatse mai aiki da hasken rana, me ya rage mata? In ba ta taɓa tambayar kanta dalilin son rijiyar ba, sai ta watse, ko ta ci gaba da taro don sabo. In kuwa abin da take hange shi ne garin da mata da yara ba sa cinye safiyarsu a neman ruwa, za ta gane cewa aikinta bai ƙare ba, ya sauya ne: yanzu tara kuɗin gyara ne, da gadin faifan sola, da sanin makanikin da za a kira ranar da famfo ya tsaya. Ƙauyukanmu cike suke da burtsatsen da suka mutu saboda wani ƙaramin ƙarfe, bayan an yi bikin buɗe su da kiɗa.

A Amurka an yi irin wannan a babban mataki. Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa wata gidauniya a 1938 don yaƙar shan inna, ita ta zuba kuɗi a binciken da ya kai ga allurar Jonas Salk, wadda aka tabbatar da ingancinta a 1955. Da cutar ta ja baya a can, gidauniyar ba ta naɗe tabarma ba. A 1958 ta karkata ga nakasar da ake haihuwar jarirai da ita, daga baya ta ƙara da matsalar haihuwar bakwaini. Aiken ya sauya, amma abin da take hange, yaro ya tashi da lafiyarsa, yana nan. Ana yawan koyar da cewa manufa ita ce dauwamammiya, hange kuma shi ake sabuntawa in an cim masa, kuma a kamfanonin kasuwanci akwai gaskiya a ciki. A ƙungiyoyin al'umma irin namu kuwa na fi ganin akasin haka. Hanya kan yanke, a sake wata, dutsen yana inda yake.

Hange ba tare da aike ba kuwa, mu 'yan Najeriya ba ma buƙatar a ba mu labari. A zamanin Janar Sani Abacha, a 1996, aka kafa kwamitin Vision 2010 ƙarƙashin Cif Ernest Shonekan. A zamanin Umaru Musa 'Yar'adua aka fito da Vision 20:2020, wanda ya hango Najeriya cikin ƙasashe 20 mafiya ƙarfin tattalin arziki a duniya kafin shekarar 2020. Shekarun biyu sun zo sun wuce ba mu isa ba. Ba na cikin masu cewa laifin hangen ne don ya yi girma, ai hange dama ya kamata ya fi tsawon hannu. Abin da ke damuna shi ne ban taɓa haɗuwa da malamin gona ko shugaban firamare a karkara da zai iya gaya mini abin da wancan hange ya ɗora masa ya yi a ranar Litinin ba. Ba a sassaƙa shi ya zama aike a hannun kowa ba.

Akwai masu cewa duk wannan surutun 'yan boko ne. Aikin gayya da adashi sun girmi kowace takarda, kuma ba su taɓa rubuta manufa ba. Haka ne, amma a duba dalili. Gayya manufarta a fili take kamar rana: yau gonar wane za a nome, a gama kafin Azahar. Adashi ma haka, zubi da kwasa, kowa ya san ranarsa. Ƙanana ne, gajeru ne, kuma babu kuɗin waje a ciki. Rubutu yana zama dole ne in ɗaya cikin abu biyu ya faru: in waɗanda suka kafa abu suka fara barin duniya, ko in baƙo ya zo da kuɗi da nasa tsarin. Mai tallafi yana da tasa manufar, kuma ba laifinsa ba ne. In ya tarar ba ka da taka, tasa za ka ɗauka.

Wasu kuma sukan ji nauyin maganar shekara goma ko ashirin masu zuwa, su ce gobe ta Allah ce. Tabbas ta Allah ce, kuma hange ba da'awar sanin gaibu ba ne, niyya ce da fata. A ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sarki ya ga shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, amma ganin bai cika rumbu ba. Sai da aka mayar da shi aiki: a yi noma shekara bakwai a jere, abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa, sai kaɗan da za a ci. Wancan ilimi ne daga Allah, ba irin namu ba, amma tsarin darasi ne ga duk mai rumbu.

Mu dai mun koma gindin darbejiyar nan har sau uku kafin mu daidaita. A gurbin hange muka rubuta cewa muna fatan garinmu ya zama inda manomi zai yi noma sau biyu a shekara, ya ci da iyalinsa, ya sayar da shansherarsa lokacin da ya ga dama, ba don mai ba-da-kaka ya tsaya masa a ƙofa ba. A gurbin manufa muka rubuta cewa muna yashe magudanarmu kafin noman rani, muna raba ruwa bisa jeri tsakanin na bakin kanal da na ƙarshe, muna kuma haɗa kuɗi mu sayo wa 'yan ƙungiya taki da iri a sari.

An yi gardama mai amfani a kan wata jimla. Wani matashi ya so a sa "samar da wadataccen ruwa duk shekara" a cikin manufa. Ma'ajinmu ya ce masa, "Ƙanena, ruwan nan daga ina yake tasowa?" Kowa ya sani: kogin Hadejia daga Tiga da Challawa yake samun ruwan rani, madatsun da aka kammala a 1974 da 1992, kuma Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are ce ke riƙe da makullinsu. Ba mu muke sakin ruwa ba, ba mu muke tare shi ba, kamar yadda ambaliyar 2022 ta tuna wa duk Jigawa. Abin da ba ya hannunmu yana iya zama a hange, domin a can muna da abokan tarayya. A manufa kuwa sai abin da in ba a yi ba za a iya nuna mu da yatsa a ce ku ne ba ku yi ba. Muka sauya jimlar ta koma: muna kai koken manomanmu ga hukuma da murya ɗaya.

Bayan waɗannan biyun ne ake zuwa ga lissafin shekara, wato mita nawa za a yashe, buhu nawa za a sayo, zuwa wane wata. Shi wannan kullum sabo ne, a littafin sakatare yake zama, ba a jikin allon ƙofar ofis ba.

Magana ɗaya ce har yanzu ba mu rufe ba. Hangenmu ya ambaci manomi ya sayar lokacin da ya ga dama, amma babu komai a manufarmu da ke taɓa ajiya, alhali a kaka ne farashi ke faɗuwa, a lokacin ne kuma bashi ke tilasta wa mutum ya sayar. Wasu na ganin a ƙara sayen shanshera da adana ta cikin aikinmu tun yanzu. Wasu, har da ni, muna ganin ba mu da sito, ba mu da ma'auni, ba mu da wanda ya iya riƙe irin wannan lissafi, kuma in muka ɗauka da wuri magudana ce za ta sake biya. An tsayar cewa a bar shi sai an yashe rani biyu a jere ba tare da na ƙarshen layi ya kawo ƙara ba, sannan a sake buɗe zancen a taron bayan girbi.